Raddi Ga Mai Cewa A Mayar Da Gari Toka

Tun da 'yan bindigar Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, wata magana ke yawo a majalisun Jega, na kuma tarar da ita a tashar Maiyama. Wani malami da nake ganin girmansa ya ɗauke ta ya naɗa mata rawani: wai duk garin da 'yan bindiga suka fake a cikinsa, a tura jirgi ya yi masa ruwan wuta. Allah gafarta Malam, hujjojinka uku ne, babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Ka ce Annabi (SAW) ya kafa wa Ɗa'ifa majaujawa. Malaman sira sun ambaci haka, amma ka tsaya a rabin labari. Ganuwa aka nufa, wadda mayaƙan da suka gudo daga Hunaini suka shige, kuma ba majaujawar ce ta buɗe garin ba. Janyewa aka yi, Saƙifawa, mutanen garin, suka zo Madina da ƙafarsu suka musulunta a shekara ta 9 bayan hijira. Sannan Muwaɗɗa tana ɗakinka. A cikinta akwai wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan sa'ad da ya tura shi Sham, inda ya hana kashe mace da yaro da tsoho tukuf, ya hana sare itace mai 'ya'ya da rushe mazaunin mutane. Ta yaya bam zai kiyaye wannan wasiyya?

Ka ce ruwan bam na gajarta yaƙi. Jamus ta yi wa Landan ruwan bam dare 57 a jere daga 7 ga Satumban 1940, Ingila ba ta durƙusa ba. A Yulin 1943 aka ƙone Hambug, dubban mutane suka halaka, Jamus ta ci gaba da yaƙi har Mayun 1945, sai da sojan ƙasa suka shiga Balin.

Ta ukun ce ta fi yi mini ciwo, cewa mutanen irin waɗannan garuruwa 'yan gayyar ɓarayi ne. Malam, manomin da aka ɗora wa bindiga a ka aka kore masa shanu da sunan zakka, shi ne mai laifi? An zalunce shi daga daji, kana so a ƙarasa shi daga sama. A Rann, ranar 17 ga Janairun 2017, jirgin soja ya kashe 'yan gudun hijira sama da 100. A Tudun Biri ta Kaduna, daren 3 ga Disamban 2023, mutum 85 aƙalla suka rasu a irin wannan hari suna tsakiyar Mauludi. Nan kusa da mu a Silame, ranar 25 ga Disamban 2024, an binne mutum 10 a Gidan Bisa da Rumtuwa bayan harin da aka ce Lakurawa aka nufa. Duk waɗannan ba farar hula aka yi niyya ba. To in kuskure ya yi wannan ɓarna, ina ga ganganci?

Na taɓa kai ƙanena ɗori a Aliero. Na ga yadda mai ɗori ke lallaɓa ƙashi da yatsu, ya jera karare, ya ɗaure, aka yi makonni kafin yaron ya taka ƙasa. Ƙafa ɗaya ke nan. Gari kuwa, da rijiyoyinsa da makarantar allo da rumbunan albasa, wa zai ɗora shi? Garin Satiru da Turawa suka share a Maris ɗin 1906 har yau kufai ne.

Ba na cewa a bar Lakurawa su sake. A bi su da sahihin bayanan sirri da sojan ƙasa, a tsare kan iyaka. Kai kuma Malam, ka koma majalisar da ka faɗi maganar nan ka janye ta, don yara sun fara maimaita ta da sunanka.