Bayan an tashi daga filin dambe

 A wannan makon laifinmu za mu faɗa.

In kaka ta yi, aka ɗaure hannu a Gummi ko Anka, mun iya rubuta wurin. Kalangu, ƙura, kirari, har zuwa lokacin da za a ce an yi kisa. Mun taso muna jin yadda Ɗan Anace ya wasa Shago, sai alƙalaminmu ya koyi bin wanda ya yi nasara. Wanda aka fitar yana dafe da ido kuwa, nan muke sakinsa.

Alhali labarinsa a nan yake farawa. Naushi, ko ƙwallo, ko dutsen danƙon yara, in ya daki ido, jini kan taru a gaban baƙin idon. Zafin zai iya lafawa, gida a ce ya warke, sai jinin ya sake ɓallewa bayan kwana biyu zuwa biyar, kuma na biyun ya fi ɓarna. Wani kuma tantanin da ke can ƙuryar ido ne ke ɗayewa: mutum ya riƙa ganin walƙiya, ko wani duhu kamar an sako labule. Irin wannan ne ya sa aka yi wa Sugar Ray Leonard na Amurka aiki a 1982, har ya jingine dambe. Shi yana da likita a kusa. Yaron ƙauyen Bukkuyum kuwa ana iya tura shi Gusau ko Sakkwato, wani lokaci har asibitin ido na ƙasa da ke Kaduna, a kan hanyar da kowa ya san halinta.

Shi ya sa iyaye ke fara ɗiga nonon uwa, ko ruwan sukari, ko su ranbaɗa kwalli. Ba mugunta ba ce, amma ƙazanta suke ƙara wa ciwon.

Mu kuma a littattafanmu mai ido ɗaya ko ɗan fashi ne ko abin dariya. Ba ma tambayar yadda ya rasa idon.

Ba cewa muke a bar dambe ko a mai da labari lacca ba. Amma me zai hana a labarinmu na gaba a ga yayar yaron ta hana shi murza idon, ta kife masa gindin kofin roba a kai ba tare da dannawa ba, ta ƙi ba shi asfirin don yana ƙara zubar jini, ta tsaya kai da fata sai an nemo mota a daren?