Masu Farautar Mutane a Amurka: Jarumta Ce ko Karɓar Bashi?

Makaranta wannan fili, yau zan ɗan jingine zancen littattafai in taɓo wata sana'a da finafinan Amurka suka daɗe suna ƙawata mana, wato farautar mutum don a karɓi lada. Duk wanda ya ga fim ɗin Django Unchained na 2012 ya ga yadda ake nuna mai wannan aiki: ga doki, ga bindiga, ga takardar cigiya a aljihu. To ni a nawa ganin, wannan hoton ya yi hannun riga da gaskiya.

Ga yadda abin yake. Idan aka kama mutum a Amurka, alƙali kan yanka masa kuɗin beli, a ce dala 20,000. Talaka ba shi da su, sai ya je wurin ɗan kasuwar beli ya ba shi kashi 10 cikin 100, wato dala 2,000, waɗanda ba za su dawo ba ko da an wanke shi daga laifi. Shi kuma ɗan kasuwar ya tsaya masa. In ranar shari'a ta zo wanda ake tuhuma ya ƙi zuwa, kotu za ta nemi cikakken kuɗin a hannun wanda ya tsaya, sai fa in ya kawo shi kafin wa'adi ya cika. A nan ne ake kiran mafarauci, kuma ladansa yawanci kashi 10 zuwa 20 ne na kuɗin belin. In bai kamo ba, ko sisi.

Saboda haka ba hukuma yake yi wa aiki ba, aljihun ɗan kasuwa yake karewa. Ba shi da albashi, man mota da abinci duk daga jikinsa. Mafi yawan aikin kuwa zaman jira ne: ya kwana cikin mota yana kallon ƙofar wani gida, ya yi ta buga waya, ya bi hotuna a Facebook, ya lallaɓi tsohuwar budurwa mai jin haushi. Babban makaminsa shi ne uwar wanda ya gudu, domin sau da yawa ita ce ta sa hannu ta jinginar da gidanta. Sai a ce mata, ko ki faɗi inda ɗanki yake ko ki rasa muhalli. Don Allah ina jarumta a nan?

Ƙarfin da suke taƙama da shi ya samo asali daga wata tsohuwar shari'a ta Kotun Ƙoli, Taylor da Taintor ta 1872, inda aka ce wanda ya tsaya wa mutum yana iya bin sa har wata jihar, ya kama shi, ya ma fasa masa gida. Ɗan sanda kan sha horo, kuma akwai na gaba da zai tuhume shi, amma a wasu jihohin mafarauci ba ya buƙatar wani horon kirki. Sakamakon bai ɓoyu ba. A 2017, a garin Clarksville na jihar Tennessee, wasu mafarauta suka buɗe wa wata mota wuta suka kashe wani matashi magidanci, alhali wanda suke nema ba ya ciki. A shekarar dai, a Greenville ta Texas, mafarauta biyu da wanda suka je kamawa duk suka mutu a musayar wuta cikin wurin sayar da motoci.

Ko shahararrensu, Duane Chapman da ake kira Dog, ya ɗanɗana kuɗarsa. A 2003 ya bi attajiri Andrew Luster, mai laifin fyaɗe, har Meziko ya kamo shi, sai 'yan sandan can suka tsare shi, don a dokarsu wannan aikin laifi ne. Daga baya talabijin ta mai da shi tauraro.

Masu goyon baya suna cewa ana kamo masu gudu ba tare da an taɓa kuɗin haraji ba, kuma wasun waɗanda ake kamowa miyagu ne na gaske. Ban musa ba. Amma wa ke biya? Talakan da ko an wanke shi ya yi asarar dala 2,000, yayin da mai hali ke ajiye nasa a kotu ya karɓi abinsa daga baya. Shi ya sa in ka ɗebe Amurka da Filifin, duniya ba ta rungumi kasuwancin beli irin wannan ba. A cikin Amurkan ma jihohi irin su Kentucky, Oregon da Wisconsin sun hana shi, Illinois kuwa ta soke belin kuɗi ɗungurungum a 2023.

Roƙona ga marubutanmu masu sha'awar labaran bin sawu: in za ku saka irin wannan mutum a littafi, ku nuna shi yadda yake, da gajiyarsa da bashinsa da tsoronsa. Kada kuma ku manta da tsohuwar da ke bayan ƙofa tana jin ana bugu da tsakar dare. Labarin gaskiya yana wurinta.

Allah Ya sa mu dace, amin.