Ruwan da zai shiga hancin maras lafiya, a tafasa shi

Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira akantamiba. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Tana zaune cikin ƙasa, da tabki, da rijiya, har da ruwan pampo, kuma in ta dunƙule cikin ɓawonta, jabel ɗin da ake sa wa ruwan sha ba ya kashe ta. Mai ƙarfin jiki yakan gamu da ita, yawanci ba ta yi masa kome. Amma wanda garkuwar jikinsa ta raunana, kamar mai ciwon sida, ko mai shan maganin ciwon daji, ko wanda aka dasa wa ƙoda, in ta bi ruwa ta shiga kogon hancinsa, sai ta kafa gida. Daga nan tana iya ɓullowa a fata, ko ta haura ƙwaƙwalwa. Waɗanda ta kai wa ƙwaƙwalwa kuwa, kaɗan ne ke tsira.

A shekarar 2024, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana labarin mutum 10 da cutar ta kama tsakanin 1994 da 2022. Dukansu garkuwarsu ta yi rauni, kuma dukansu sun saba wanke cikin hanci da ruwa. Bakwai daga cikinsu sun rayu.

Maganinta aiki ne ja. Penisilin ba ya taɓa ta. Sai an yanko ɗan nama daga hancin an duba, a tabbatar ita ce, a kankare wurin da ya ruɓe, sannan a haɗa magunguna da yawa a sha wata da watanni. Cikinsu akwai miltefosin, wanda Indiya ta fara yarda da shi a 2002 don wata cuta dabam, kala-azar. Mai sida kuma dole ya riƙe maganinsa na kullum, domin sai garkuwa ta farfaɗo jiki ke taya magani yaƙi.

Wani zai ce: cutar da ba ta kama mutane da yawa, mene ne na damuwa da ita, ga zazzaɓin cizon sauro yana ɗibar yara? Gaskiya ne. Amma kariyar da muke nema ba ta cin kuɗin gwamnati, ɗan itace ko gawayi kawai take ci.

Saboda haka muna kira ga iyalai: ruwan da mai raunin jiki zai shaƙa, ko na alwala ne ko na wankin hanci, a tafasa shi minti ɗaya cur, a bari ya huce, a zuba a buta mai tsabta wadda ba ta kowa ba ce sai tasa.

Muna kira kuma ga ma'aikatan ƙananan asibitoci: in irin wannan mutum ya zo da toshewar hanci, da haɓo, da ɓawon gyambo a ciki, ya sha magani bai samu sauƙi ba, kada a yi ta canza masa kwayoyi. A tura shi babban asibiti, a Yamai ko Damagaram ko Maraɗi, wajen likitan hanci da kunne da maƙogwaro, tun cutar ba ta haura ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ƙara mana lafiya.