Dinya Ba Ta Iya Fasawa, Mutum Yana Iyawa

Jama'a, a shekarar 1938 wasu masana halayyar dabbobi, Konrad Lorenz da Niko Tinbergen, suka ba da labarin wata irin dinya ta ƙasashen Turai. Idan ƙwanta ya gangara daga sheƙa, sai ta miƙa wuya ta riƙa mirgino shi da ƙasan baki. To, in ka ɗauke ƙwan tana tsakar aiki, ba za ta tsaya ba; haka za ta yi ta janyo iska har sheƙa. Da zarar abin ya motsa mata, ba ta da ikon fasawa.

Mu ma 'yan Adam muna da namu kason. Wanda ya taka garwashi ba ya shawara kafin ya ɗage ƙafa. Hasali ma, a 1983 wani masani a Amurka, Benjamin Libet, ya nuna cewa ƙwaƙwalwa kan soma shirin motsa hannu wajen sulusin daƙiƙa kafin mai hannun ya ji ya yi niyya. Nan wasu suka yi caraf, wai ashe zaɓi ruɗi ne. A ganina sun yi garaje, gama motsa yatsa a ɗakin gwaji daban, ƙulla niyyar ramuwa daban. Shi kansa Libet yana ganin akwai 'yar tazarar da mutum zai iya hana kansa.

Linzamin nan kuwa yana bayan goshi ne, a gaban ƙwaƙwalwa. Birai ma suna da shi gwargwado, amma ƙwaƙwalwarmu ta ninka ta birin cimfanzi wajen sau uku. Masana juyin halitta da yawa suna ganin zaman jama'a ne ya girmar da ita, inda mai wawaso da saurin hannu kan rasa abokin farauta.

Ga shaida. A 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani sandan ƙarfe ya ratsa kumatun Phineas Gage, shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa, ya fita ta tsakar kansa. Ya rayu, amma likitansa ya rubuta cewa mutumin nan mai natsuwa ya koma marar haƙuri, mai ashar.

Shi wannan ɓangare ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Saboda haka in ɗan shekara 15 ya ce zuciya ce ta ɗebe shi, akwai abin dubawa. In magidanci mai furfura ne ya kawo wannan hanzari, alƙali yana da dalilin ɗaure fuska.