Gansakuka a saman soro: a nemi inda ruwa ke ɗiga

Kwanan baya na hau soron wani ɗan kasuwa a Akokan, sai na tarar da baƙin tabo mai ratsin kore ya malalo daga gindin tankin ruwa har bakin indararo. Maigidan ya ce ƙura ce. Na yayyafa ruwa, na shafa da yatsa. Ƙura takan wanke nan take, tsatsa kuma ja ce mai kaushi. Wannan kuwa santsi gare shi kamar miyar kuɓewa. Gansakuka ce.

A Gaya, inda ruwan sama kan kai milimita 800 a shekara, ba wanda zai yi mamakin ganinta. Amma Arlit ba ta samun ko milimita 100. Ina gansakuka ta sami danshi? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko dai bututu ya huje, ko tanki na tumbatsa da dare, ko na'urar sanyaya ɗaki na tsiyaya.

Asarar biyu ce. Ruwan da muke sha daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, ya yi dubban shekaru a kwance, damina ba ta mayar da abin da aka ɗiba. Sannan danshi yakan ratsa siminti, ƙarfen ciki ya yi tsatsa ya kumbura, rufi ya tsage. Tun da COMINAK ta rufe a watan Maris na 2021, kuɗi sun yi wuya a Akokan, ga siminti sai ya biyo doguwar hanyar Tawa.

Saboda haka a fara toshe ɗigon. Bayan nan, da sassafe kafin rana ta yi zafi, a gauraya ruwan Javel da ruwa daidai wa daida, a zuba a kan tabon, a bar shi minti 15, a goge da buroshi mai laushi, a ɗauraye. A sa safar hannu, a rufe bakin tanki, kada kuma a haɗa Javel da wani maganin wanki, domin hayaƙin da ke tashi guba ne. Kankarewa da ƙarfe raunana rufi take yi.

Wanda ya wanke bai gyara bututu ba, baƙuwarsa na nan dawowa.