Ba Kowane Hali Ne Zanen Dutse Ba

Akwai hukuncin da ake yanke wa wasu mutane a cikin gida ba tare da an je gaban alƙali ba. Budurwar da ke ji da ƙawarta da safe kamar ta haɗiye ta, da la'asar kuma ta rantse ba ta da maƙiyiya sama da ita. Matar da in miji ya yi jinkirin ɗaga waya sai ta tabbatar a ranta ya gama da ita, ta fasa kwanuka, ta haɗa kaya, da dare kuma ta kwana tana kukan nadama. Saurayin da ke ji wa jikinsa rauni a ɓoye don raɗaɗin fata ya danne na zuci. Dangi kan gaji su ce, "Halinta ne, a rabu da ita, hali zanen dutse." Wasu su ce iskokai ne, wasu su ce sangarta ce, wata gwaggo ta ce a yi mata aure ta nutsu.

Hukuncin nan kuskure ne, kuma yana cin rayuka. Cikin irin waɗannan mutane akwai masu fama da larurar rashin daidaituwar hali da motsin zuciya, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da BPD, kuma tana daga cikin larurorin ƙwaƙwalwa da aka tabbatar ana samun sauƙinsu.

Ba duk mai zafin rai ne ke da ita ba. Tun 1980 ta shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, kuma a yau alamu tara ake dubawa, sai an samu biyar da suka daɗe tare da mutum kafin a ce ita ce. Daga ciki akwai tsananin tsoron a guje shi, ƙauna da ƙiyayya masu saurin juyawa, fushin da ya fi ƙarfin dalilinsa, jin zuciya wayam kamar ba komai a ciki, aikata abu cikin gaggawa, da yunƙurin cutar da kai. Yanayin kan sauya cikin sa'o'i, abin da ya raba ta da wata larura dabam mai hawa da sauka wadda kowane zangonta ke ɗaukar kwanaki ko makonni. Ana ƙiyasin tana shafar mutum 1 zuwa 2 cikin 100, kuma wasu binciken sun nuna kusan kashi 10 cikin 100 na masu ita kan mutu ta hanyar kashe kansu. Wanda ya ce yarinyar "neman suna" take yi, ya san da wannan adadin yake wasa.

Adalci ne a ce ba iyaye da gwaggonni kaɗai suka yi wannan kuskure ba. Likitocin Turai da Amurka sun shekara da shekaru suna kallon masu larurar a matsayin waɗanda ba su gyaruwa. A 1988 wasu masu bincike biyu a Ingila, Glyn Lewis da Louis Appleby, suka raba wa likitocin ƙwaƙwalwa labarin maras lafiya iri ɗaya, sai dai a wasu takardun an ƙara cewa an taɓa samunsa da larurar hali. Wannan ƙarin kaɗai ya sa likitocin suka ɗauke shi mai wahalar da mutane, mai neman a kula shi, wanda bai cancanci kulawa kamar sauran ba.

Wadda ta fi kowa rusa wannan ra'ayi ta san ciwon daga ciki. A 1961 aka kwantar da Marsha Linehan, 'yar shekara 17, a wani asibitin ƙwaƙwalwa da ke Hartford a Amurka. Ta yi wata 26 a can, an sha kulle ta a ɗakin keɓewa saboda yadda take cutar da kanta, an ɗura mata magunguna, an yi mata jinyar lantarki, kuma an sallame ta ba tare da wani ya sa ran za ta zama wani abu ba. Ta yi karatu har digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam, ta koma koyarwa a Jami'ar Washington da ke Seattle, ta kuma zaɓi yin aiki da matan da suka fi kowa yawan yunƙurin kashe kansu, waɗanda sauran masana ke gudu. Ba ta bayyana tarihin nata a fili ba sai 2011, a harabar asibitin da aka taɓa tsare ta.

Abin da ta gano ya kamata ya ratsa kowane gida. In ta matsa wa maras lafiya da cewa sai ta canja, sai maras lafiyar ta ji ana zarginta, ta fusata ta daina zuwa. In kuma ta tsaya a lallashi kawai, sai maras lafiyar ta ji an bar ta cikin wuta ana kallo. Dole sai an riƙe biyun tare: a gaskata cewa zafin da take ji na gaske ne, a kuma tsaya kai da fata cewa akwai abin da za ta koya ta yi dabam. A kan haka ta gina jinyar da ake kira DBT. A gwajin farko da ta wallafa a 1991 kan mata 44, waɗanda aka yi wa wannan jinya na shekara guda sun rage cutar da kansu, kuma matsakaicin kwanakin da suka yi a gadon asibiti kimanin 8 ne, na sauran kuwa kusan 39. A 2006 ta sake gwadawa kan mata 101, inda ta kwatanta hanyarta da jinyar ƙwararrun masana, yunƙurin kisan kai ya ragu da rabi.

Jinyar ba zaman hira ba ce, makaranta ce. Kowane mako akwai ganawa da mai ba da jinya, akwai aji na rukuni inda ake koyon dabaru da aikin gida, akwai kuma damar kiran waya in abu ya taso da tsakar dare. Maras lafiya na cike kati kullum: yau fushi ya kai nawa, me ya tayar da shi, me ta yi. In ta cutar da kanta ranar Talata, za a zauna a bi sawun abin ɗaya bayan ɗaya, daga saƙon da ba a amsa ba, zuwa tunanin "ya tsane ni", zuwa bugun ƙirji, har a gano gaɓar da za a iya tsinka sarƙar a gaba. Ana koya mata ta ambaci abin da take ji da sunansa, ta bincika ko zatonta ya dace da abin da ya faru, ta nemi haƙƙinta ba tare da barazana ba. In wutar ta riga ta kama, akwai dabarun jiki: tsoma fuska cikin ruwa mai sanyi, wanda ke rage bugun zuciya nan take, ko jan numfashi a fitar da shi a hankali. Musulmin da ya taso yana jin koyarwar cewa mai fushi ya zauna in yana tsaye, ko ya yi alwala, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Bambancin shi ne a nan ana bitar dabarar mako bayan mako har ta zama jiki.

Babbar hujja kan masu cewa hali ba ya sauyawa ta fito ne daga asibitin McLean kusa da Boston, inda Mary Zanarini da abokan aikinta suka bi mutum 290 masu larurar shekara da shekaru. Bayan shekara 10, kashi 93 cikin 100 sun samu aƙalla shekara biyu a jere ba su cika sharuɗɗan larurar ba. Sai dai rabi ne kawai suka kai ga cikakkiyar farfaɗowa, wato sauƙin alamu haɗe da aiki ko karatu mai ɗorewa da kyakkyawar alaƙa da wani. Wannan giɓi shi ne wurin da dangi ke da aiki, domin wanda aka riga aka yi wa tambarin "ba ya jin magana" da wuya a ba shi jari ko a riƙe shi a shago.

Su ma masu ganin ƙwaya ce mafita ba su tsira ba. Tun 2009 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce kada a ba da magani da sunan warkar da wannan larura kanta, kuma hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da ko ɗaya don ita ba. Magani na da wurinsa in akwai ciwon damuwa ko wata larura tare da ita. Amma a tara wa yarinya ƙwayoyi uku ko huɗu ta wuni tana gyangyaɗi, gida ya samu shiru a ce ta warke, zalunci ne.

Akwai kuma "yi haƙuri". Haƙuri ɗabi'a ce mai daraja, amma sau da yawa abin da ake nufi da shi a gida shi ne a yi shiru. Linehan ta bayyana cewa larurar kan tsiro ne inda yaro mai saurin jin zafi tun halitta ya tashi cikin mutanen da ke ƙaryata abin da yake ji: "Me aka yi miki?", "Ke dai kin cika son kuka." Yaron sai ya koyi cewa ba a sauraronsa sai ya ɗaga murya, gobe kuma sai ya ɗaga fiye da haka. Da yawa cikin masu larurar sun fuskanci duka, sakaci ko cin zarafi suna ƙanana, ko da yake ba duka ba, kuma akwai iyaye nagari da 'ya'yansu suka kamu. Mai tsoron kada wannan bayani ya zama mafakar marasa kunya ya kwantar da hankalinsa. Jinyar ba ta yafe wa kowa fasa kwano ko zagin uwa, tana sa mutum ya gyara ɓarnar da ya yi ne, ya kuma koyi abin da zai yi a madadinta.

Saura hujjar da ta fi nauyi: ina likitocin? Nijeriya mai mutum sama da miliyan 200 ba ta da likitocin ƙwaƙwalwa da suka kai 300, kuma asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri ba za su iya ɗaukar kowa ba. Gaskiya ne. Amma a 2009 wani gwaji kan mutum 180 a Toronto ya nuna cewa kulawa mai tsari, daga masu jinyar da suka fahimci larurar kuma ba sa ƙyamar masu ita, ta ba da sakamako daidai da na DBT. A Jihar Iowa ta Amurka kuma an samar da ajin rukuni na mako 20 mai suna STEPPS, wanda ke jawo dangi cikin koyon, kuma gwajin 2008 ya nuna yana rage alamu. Irin wannan aji ɗaki yake buƙata, da ma'aikatan jinya biyu da aka horar, da littafin dabaru da aka rubuta da Hausa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta buɗe wa ma'aikatun lafiya ƙofar yin hakan.

Sai dai uwa ba za ta kai 'yarta ajin ba muddin tana tsoron a kira 'yan sanda. Sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi ɗaurin da ka iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ghana ta soke irin wannan doka a 2023, kuma majalisun dokokin jihohin Arewa na da ikon gyara nasu kundin.