Wace Manhajar Taswira Ce Ta Dace da Mai Tafiyar Babur?

Sharhinmu na yau zai duba manhajojin da ke tsara wa matafiyi hanya a wayar salula, musamman wanda zai yi doguwar tafiya a kan babur.

Bari mu fara da kawar da wani ruɗani da ya zama ruwan dare. Mutane da dama suna ɗauka cewa in data ta ƙare, ko sabis ya ɗauke, to GPS ya mutu. Ba haka ba ne. GPS tsari ne na taurarin ɗan Adam da rundunar sojin Amurka ta kafa, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kuma wayarka saurarensu kawai take yi, kyauta. Da zarar ta jiyo huɗu daga cikinsu, ta san inda kake. Abin da ke cin data shi ne taswirar da za a ɗora ɗigon da ke nuna inda kake a kai, da lissafin hanya. A nan ne manhajojin suka sha bamban, kuma a nan ne mai babur ya kamata ya buɗe ido.

Google Maps ita ce kowa ya sani, domin tare da ita ake sayen mafi yawan wayoyin Android. A ƙarshen 2017 kamfanin ya fito da tsari na musamman don masu babur a Indiya, ya kai shi Kenya a 2018, sannan Najeriya a 2019. Tsarin yana bi da kai ta lungunan da mota ba za ta shiga ba, yana kuma ƙiyasta lokaci da gudun babur. A cikin gari ba ta da ta biyu. Kana neman gidan mai, ko asibiti, ko wani shago a Kantin Kwari, ita za ta kai ka har ƙofa, ta kuma gaya maka inda cunkoso yake. Amma tambaya ɗaya aka gina ta ta amsa: ta ina za a fi saurin isa? Ba ta bari ka jera wurare fiye da goma a tafiya guda, kuma in ka kauce kaɗan sai ta sake lissafi ta mayar da kai babban titi, ko da kana da dalilinka na guje masa. Ana iya sauke taswirarta a ajiye a waya, sai dai in babu intanet, hanyar mota za ta ba ka, ba kuma labarin cunkoso.

Waze, wadda aka ƙirƙira a Isra'ila kuma Google ya saye ta a 2013, ba za mu daɗe a kanta ba. Ƙarfinta rahoton direbobi ne: wannan ya ce akwai haɗari a gaba, wancan ya ce akwai rami. A Legas ko Abuja, inda masu amfani da ita ke da yawa, tana da rana. A hanyar da kai kaɗai ne mai ita cikin kilomita ɗari, wa zai ba da rahoton? Ga shi kuma ba ta aiki sosai sai da intanet.

Sai rukunin da aka yi musamman don masu yawon buɗe ido a babur, irin su Calimoto da Kurviger, dukansu daga Jamus. Waɗannan akasin Google suke. Bature mai babban babur da ya fito hutun ƙarshen mako ba sauri yake so ba, kwana yake nema da hawa da gangara, don haka manhajar take guje wa miƙaƙƙen titi ta zaɓo masa mai lanƙwasa. Kana iya ce mata ta zana maka zagaye na kilomita 200 da zai dawo da kai ƙofar gidanka. Abin sha'awa ne a tsaunukan Alps, inda ƙananan tituna da yawa suke da kwalta. A wurinmu, wanda ya ce wa manhaja ta kauce wa babban titi ta nemo mai kwana-kwana, yana iya samun kansa a burji, daga burji zuwa turbar shanu, daga nan sai bakin rafi. Manyan abubuwan da ke cikinsu kuma sai an biya kuɗin shekara da kuɗin waje, a daidai lokacin da mai babur ke lissafin kowace lita tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023.

A ganina, wadda ta fi cancantar mai doguwar tafiya ya ɓata lokaci ya koya ita ce OsmAnd. Tana aiki da taswirar OpenStreetMap, wadda aka fara a Birtaniya a 2004, kuma 'yan sa-kai ne ke zana ta a duniya baki ɗaya. Kana sauke taswirar ƙasa ka ajiye, shi ke nan, lissafin hanya a cikin wayar ake yin sa, ko da babu layi ko ɗaya na sabis. Tana da tsarin babur, tana nuna inda kwalta take da inda burji yake matuƙar an shigar da bayanin, kana kuma iya ce mata ta guje wa hanyar da ba kwalta. Wanda ya tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya, ba sai an yi masa dogon bayani kan amfanin wannan ba. Aibinta biyu ne. Na farko, tana da wuyar sha'ani. Saitunanta sun yi yawa, ranar farko sai ta ɗaure wa mutum kai. Na biyu, taswirar tana da kyau ne gwargwadon wanda ya zana ta. Wani yankin za ka ga har hanyar gona an sa, wani kuma ƙauye guda babu suna. Wanda ke son mai sauƙi a kan wannan taswirar, akwai Organic Maps, ba talla, ba cin batir sosai, sai dai ba ta da tsarin babur na musamman.

Mu ɗauki misali. Mutum ya tashi daga Jalingo zai hau tsaunin Mambila, ta Bali, ta Serti kusa da gandun dajin Gashaka-Gumti, ya isa Mayo Selbe inda hawan ke farawa, ya wuce Nguroje ya sauka Gembu. Google za ta ba shi awanni, lissafin da bai san da hazon da ke rufe hawan nan ba, bai san da tirelar da ta kafe a kwana ba. Kurviger za ta yi murna da wannan hawan, domin irinsa take nema, alhali hanyar ita ce dai guda, babu wani zaɓi da za ta yi. OsmAnd kuwa za ta iya zana masa yadda hanyar ke hawa, ya ga cewa a ɗan taƙaitaccen nisa zai tashi daga kwari zuwa tudu mai tsawon sama da mita 1,500, ya san ko babur ɗinsa mai goyo da buhu zai iya, ya kuma san sai ya ɗauki rigar sanyi. Wannan shi ne irin bayanin da mai babur ke buƙata kuma mai mota bai damu da shi ba.

Ba dole ba ne mutum ya auri manhaja ɗaya. Akwai wani nau'in fayil da ake kira GPX, wanda ke ɗauke da zanen hanya. Kana iya tsara tafiyarka da daddare a kwamfuta, ko da Kurviger ko da BaseCamp na kamfanin Garmin, ka tura fayil ɗin ta WhatsApp ga abokan tafiya, kowa ya buɗe a OsmAnd, ku bi layi ɗaya ko da kun rabu a hanya. Manhajar Google Maps ta waya ba ta karɓar wannan fayil kai tsaye, kuma wannan babban giɓi ne ga masu tafiya a ayari.

Sai batun ita kanta wayar. Rana ta Afrilu in ta doki wayar da aka ɗaure a kan sitiyari, ga allo a kunne, ga caji a jone, sai ta ɗau zafi ta kashe kanta. A 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗin cewa jijjigar injin babur mai ƙarfi na iya lalata kyamarar iPhone. Shi ya sa Garmin ke sayar da na'urarsa ta zumo, mai jure ruwa da rana, wadda ake taɓawa da safar hannu, amma kuɗinta ba na kowa ba ne. Mafi arha, a nemi tsohuwar wayar Android, a cika ta da taswira, a bar mai tsadar a aljihu.

Akwai kuma abin da babu ɗaya daga cikinsu da za ta gaya maka: ƙaramar hukumar da aka hana hawa babur saboda tsaro, kamar yadda aka yi a yankin Tillaberi na Nijar a farkon 2020 da wasu sassan Katsina da Zamfara a 2021, gadar da ruwa ya cinye a daminar bana, dajin da ba a ratsawa bayan la'asar, garin da fetur sai wajen 'yan bumburutu. Waɗannan a tasha ake jin su, a bakin direbobi da masu faci. Don haka wanda ya zana hanyarsa a waya, ya karanta musu sunayen garuruwan ɗaya bayan ɗaya kafin ya tada babur, inda suka ce a kauce ya gyara layin tun yana da sabis.